Jita a cikin waya, garaya a rataye

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Ɗangora ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore zuwa Doguwa ya san yadda shagunan caji da tura waƙoƙi suka zama majalisar samari. A da sauraro kawai ake yi a wuraren nan. Yanzu a nan ake haɗa kiɗan, domin manhajoji irin su BandLab da FL Studio Mobile sun cusa sutudiyo a aljihun yaron da bai taɓa taka Zoo Road ba. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Abin da ke damuna shi ne hanyar da suke bi su sa tsirkiya a cikin waƙa.

Hanyoyi biyu manhaja ke bayarwa. Ko dai a kawo makaɗi ya kaɗa, makirufon waya ya ɗauka, ko kuma a buɗe allo mai gidaje kamar na dara, a riƙa ɗiga sauti ɗaya bayan ɗaya, na'ura ta furta su da muryar jitar da aka riga aka adana mata. Ta biyun ta fi sauƙi da araha, kuma ita akasarin yaranmu ke bi. Gado ne suka tarar, don tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya koya wa waƙoƙin finafinan Kano cewa mutum ɗaya na iya zama makaɗin ganga da sarewa da tsirkiya a lokaci guda.

Sai dai allon nan yana da hukuncinsa. An gina shi ne a kan matakan sauti goma sha biyu na kiɗan Turai, waɗanda ƙarafan da aka gitta a wuyan jita ke tsarewa. Garaya da gurmi da kuntigi ba su da waɗannan ƙarafa. Yatsan makaɗi na iya tsayawa tsakanin mataki da mataki, ya zame, ya bi hawa da saukar muryar Bahaushe, wanda harshensa kansa mai karin sauti ne. Haka kuma akwai maɓallin da ke jan kowane bugu ya ajiye shi daidai kan layi. Makaɗin garaya kuwa da gangan yake ɗan jinkirtawa ko ya riga, kuma a wannan ɗan saɓanin ne gardin kiɗan yake. Idan aka gyara shi, an kashe shi. Shi ya sa waƙoƙi goma daga garuruwa goma kan fito kamar uwa ɗaya ta haife su.

Labarin Mdou Moctar, makaɗin jitar nan Buzu daga Nijar, ya isa misali. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da gangar na'ura da murya mai gyaran kwamfuta irin ta waƙoƙin finafinanmu. Waƙoƙin suka bazu a Sahara daga waya zuwa waya ta katin memori da bulutut, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tsinto su. Na'ura ta yi masa hidima, amma abin da ya kai shi manyan dandalin Turai da Amurka shi ne hannunsa na hagu a kan tsirkiya. Marigayi Ɗanmaraya Jos ma, da ya rasu a 2015, da tsirkiya ɗaya tal ya zaga duniya.

To, ƙasar Bebeji da Kiru zuwa Riruwai ƙasar maharba ce, kuma garaya kayan kiɗansu ce tun fil azal. Dattawan da suka iya ta suna ƙarewa, alhali jikokinsu na riƙe da abin ɗaukar sautin da a shekarun baya sai gidan rediyo ke da irinsa. Aikin ma ba shi da wuya. A sami ɗakin ƙasa mai tabarma da labule, wanda ya fi ɗakin siminti da kwano shanye amo, a jira dare ya yi a kashe janareta, a ajiye waya kimanin taƙi ɗaya ko biyu daga kayan kiɗan. A yi amfani da abin kunne mai igiya, domin na bulutut yana jinkirta sauti har makaɗi ya saɓa wa bugu ba da saninsa ba. Mafi muhimmanci, a fara ɗaukar garayar ita kaɗai, sannan a jera ganga ta bi ta, maimakon a tilasta wa tsoho bin ƙas-ƙas ɗin agogon na'ura.

Akwai kuma batun haƙƙi, wanda na fi jin tsoro. Da zarar an yanki daƙiƙa huɗu na kiɗan dattijo an sa yana maimaita kansa, ana iya gina waƙa ashirin a kai ba tare da ya ji ko ƙamshin sisi ba. A yi ciniki da shi tun kafin ya ɗaure tsirkiya, a gaban shaidu, kuma a ambaci sunansa da na garinsu a jikin waƙar duk inda aka ɗora ta.