Kafin a Zagi Mai Gyaran Famfon Tarakta

Duk shekara, da zarar watan Mayu ya kama, hadari ya fara haɗowa daga gabas, labari ɗaya nake ji daga bakin masu tarakta a yankinmu na Funtuwa. An kwance famfon injekta, an kai Kano ko Kaduna an gyaro, an biya kuɗi masu ciwo, an dawo an ɗaura, mota ta ce ba ta san zancen ba. Daga nan sai zagi ya koma kan mai gyara: macuci ne, wankewa kawai ya yi ya karɓi kuɗi. Na daɗe ina kallon wannan rigima, kuma a ganina galibi bawan Allahn nan ba shi da laifi. Matsalar tana cikin rabin awar da ke biyo bayan ɗaura famfon, aikin da kowa ya raina.

Yawancin motocin noman da ke hannun talakawanmu Massey Ferguson ne, 375 da yayyenta irin su 165 da 135, masu injin Perkins. Ita 135 tun 1964 aka fara ƙera ta, ga ta nan har yau tana jan haro. Injin gas ba shi da fulogi. Fistan ne ke matse iska har ta yi zafi, famfo ya turo mai da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota fiye da sau hamsin, nozul ya buɗe ya fesa, wuta ta kama. To mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Idan kumfa ta maƙale a fayif, famfo zai yi ta turawa, ita kuma tana tsukewa tana saki, nozul ba zai taɓa buɗewa ba. Kuma duk famfon da ya dawo daga gyara cike yake da iska.

Me muke yi? Direba ya danne kik har batir ya mutu, kik ɗin ya ɗau zafi yana wari. Sai a aiki yaro ya sayo fetur, a jiƙa tsumma a kara a bakin shan iska. Injin ya yi ƙara kamar ana dukan ƙarfe, ya ɗan zabura ya mutu, a ce ai ta kusa. Ba ta kusa ba, ringi da fistan ake ci wa mutunci. Idan abin ya ƙi, a ɗauro igiya a ja ta da wata motar a gangare, yara na bi da ihu.

Akwai wani dattijon bakanike da ya koyi aiki tun zamanin da ake harhaɗa taraktocin Steyr a Bauchi. Na ga yadda ya tayar da motar yayana bayan an yini ana fama. Yana zuwa ya ce, "Alhaji, a bar kik ɗin nan ya huta. Kai ɗan nan, miƙo min sufana." Ya leƙa tanki ya sa aka ƙaro mai. Ya duba wayar kashe mota ya tabbatar a ture take ciki, don an sha yin kwana guda ana neman tayar da motar da aka bari a kashe. Ya haska fitila ya ga zanen da ke jikin famfon ya yi daidai da na jikin injin, wato taimin bai goce ba. Sannan ya sassauta notin kan filta, ya kama ɗan hannun ƙaramin famfon da ke jawo mai daga tanki, yana dannawa. Hannun ya ƙi cika, sai ya sa aka ɗan juya injin, nan take ya kama. Kumfa ta yi ta fita har mai ya zo garau, ya ɗaure. Ya koma kan ƙananan notuna biyu da ke jikin famfon injektan, na ƙasa da na sama, ya yi musu haka. Daga ƙarshe ya sassauta fayif a bakin nozul, ya buɗe totur, ya ce kowa ya janye hannunsa, domin man da ke fita a nan yana iya huda fata ya shige tsoka. Aka ba ta kik na 'yan daƙiƙu, mai ya fara tsartuwa, ya ɗaure. Kik na gaba ta tashi, ta yi tari da farin hayaƙi, ta daidaita.

Bai tafi ba sai da ya yi wa yayana faɗa a kan tsohuwar filtar da aka mayar don tsimin kuɗi. A nan ma ina tare da shi. Irin famfon CAV da ke kan waɗannan motoci ba shi da baƙin man kansa, gas ɗin da ke ratsa shi ne ke shafe ƙarafansa. Gas ɗin jarka na bakin hanya, wanda aka gauraya da kananzir ko ya sha ruwa, goge cikin famfon yake yi a hankali. Ka gyara famfo ka bar tanki da laka a gindinsa, kafin a cire masara ka sake komawa Kano.

Na san abin da za a ce. Tsohuwar mota tana shan mai, kullum da abin da zai lalace, kayan gyaran jabu sun cika kasuwa. Gaskiya ne. A watan Yunin 2025 Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da taraktoci 2,000 da aka sayo daga Belarus, kuma ban ƙi ba, muna buƙatar fiye da haka. Amma wanda ke shakkar maganata ya zagaya bayan sashen gona na sakatariyar ƙaramar hukumarsu. Zai ga motoci a ɗore kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Su ma da bikinsu aka kawo su, da kaɗe-kaɗe da yanka kyalle. Da yawansu ƙaramin abu ne ya fara zaunar da su, famfo ko kik, kafin a bi su da kwance taya da batir ɗaya bayan ɗaya. Sababbin ma gas ɗin jarkar nan za su sha.

Injin da ake ɗora famfo a gwada shi a yi masa saiti sai a manyan birane ake samunsa, shi ya sa manomin Dandume ko Sabuwa ke asarar mako guda a daidai lokacin da ƙasa ta jiƙa. Kuɗin taraktoci kaɗan daga cikin waɗanda ake rabawa zai sa irin wannan inji a ofisoshin shiyya na hukumomin bunƙasa noma kamar KTARDA da KNARDA, a ɗauki dattawan kanikawan nan kafin su ƙare, su koya wa direbobi da ɗaliban kwalejojin fasaha cire iska da duba taimin da tace mai. Kafin gwamnati ta waiwayo, masu motar haya su riƙa haɗa kuɗin sabuwar filta da wankin tanki cikin lissafin gyara, su kuma biya wa mai gyaran famfon kuɗin mota ya zo ya ɗaura da hannunsa, ya tayar da ita a gabansu kafin a cika masa kuɗinsa.