Ƙara wa Kwamfuta Ƙwaƙwalwa: Ilimin da Ya Kamata Manazarci Ya Mallaka

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama wa manazarcin Hausa abin da allo da tawada suka zama wa almajiri. A cikinta yake adana muryoyin da ya naɗo a fagen bincike, da hotunan rubuce-rubucen Ajami, da babukan kundinsa. Da zarar ta soma nawa, musamman idan ya buɗe manhajar ELAN ko Praat tare da shafukan intanet da dama, shawarar da akan ba shi ita ce ya sayi sabuwa. Wannan shawara tana da tsada, alhali sau da yawa matsalar ba ta wuce ƙarancin ƙwaƙwalwar aiki ba, wato RAM, wadda mai kwamfuta zai iya ƙarawa da hannunsa.

Ma'adanar kwamfuta tamkar rumbu ce da ake zuba hatsi, ita kuwa RAM tamkar tabarmar da ake baza wanda za a yi aiki da shi yanzu. Idan tabarmar ta cika, dole kwamfuta ta riƙa kai-komo zuwa rumbu, kuma wannan zirga-zirgar ce ke haifar da nawar. Gigabait 4 shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 take buƙata, saboda haka wanda yake da wannan adadi kusan bai bar wa aikinsa fili ba. Ɗaga shi zuwa 8 ko 16 yakan sauya lamarin sosai.

Aikin yana buƙatar natsuwa fiye da gwaninta. Da farko a binciki samfurin kwamfutar, a san iyakar abin da take ɗauka da kuma nau'in da ya dace da ita. DDR3 ta kwamfutar tafi-da-gidanka tana da haƙora 204, DDR4 tana da 260, DDR5 kuwa 262, kuma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Bayan an kwafe muhimman bayanai zuwa wani wuri, sai a kashe kwamfutar, a zare caja, a cire batir. A taɓa wani ƙarfe domin sauke cajin lantarkin da yake taruwa a jiki, sannan a kwance murfin ƙasa. A zura sabuwar RAM a karkace, a danna ta a hankali har maƙallan gefe biyu su kama ta.

Masu ganin cewa buɗe kwamfuta ganganci ne suna da hujja, domin gaggawa tana iya karya maƙalli, kuma wasu kamfanoni ba sa ɗaukar nauyin ɓarnar da mai kaya ya yi. Amma yawancin ɗalibai kwamfutocin hannu suke saye, waɗanda garantinsu ya daɗe da ƙarewa. Babban cikas yana wurin masu ƙerawa. A 2012 kamfanin Apple ya fitar da MacBook Pro mai fuskar Retina wadda aka liƙe RAM ɗinta da dalma, kuma kamfanoni da dama sun bi wannan hanya a siraran kwamfutocinsu. Wanda ya sayi irin wannan, adadin da ya saya da shi zai zauna har ta mutu.

Don haka tambayar da ta kamaci ɗalibi ya yi tun a shago ita ce: shin ana iya ƙara wa wannan kwamfuta RAM? Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Sassan nazarin Hausa da suke koyar da dabarun bincike ya dace su ware ko da awa ɗaya su nuna wa ɗalibai wannan aiki a aikace. Kuɗin da ɗalibi zai kashe wajen sayen sabuwar kwamfuta ya fi amfani idan ya tafi ga zuwa fagen bincike da buga kundi.