Mun Kwashi Gashin, Mun Bar Fartanyar

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, yau ƙorafina a kanmu yake. Ɗakunan kwananmu ba sa rabo da waƙoƙin Bob Marley, wasu har sun bar suma ta murɗe, wai su Rasta. Rasta na me? Mutanen Jamaika da suka tare a Shashamane ta Habasha, a filin da Sarki Haile Selassie ya bai wa baƙar fata na ƙetare a 1948, ƙasa suka je nema. Ba aƙidarsu nake talla ba, ina da addinina. Amma dai mun kwashi gashin, mun bar fartanyar.

Ku dubi gida. Tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, ambaliyar da ke raya fadamun da ke ƙasa da ita ta ragu. A 1980 manoman da suka nemi diyyar gonakinsu suka sha harsashi. Kakanninmu sun ba da jini saboda ƙasa. Mu kuwa a Garbadu muna kallo ana sare gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina, ya taki gona bai tare wa gero rana ba.

Wani zai ce ai aikin gwamnati ne. Ashe gwamnati ce ta koya wa Bahaushe gayya? Hutun nan kowane ɗan Mafara, Bakura da Maradun ya dasa itace goma, ya yi musu shinge, ya ɗora ƙannensa kan ban ruwa. Wanda ya ƙi, ya je wurin wanzami.