Mafarkinka Ba Shaida Ba Ne

Wata mummunar ɗabi'a ta samu gindin zama a cikinmu, kuma dole a faɗe ta ƙarara. Mutum ya kwanta ya yi barci, ya ga wani abu, gari na wayewa sai ya ɗauki abin da ya gani ya yanke wa ɗan'uwansa hukunci da shi. Da mafarki ake fasa aure yanzu. Da shi wa da ƙane ke daina gaisawa, da shi ake ɗora wa tsohuwa maita, da shi ake hana marar lafiya zuwa asibiti. A nan Gidan Dare ake yi, ana yi a sauran unguwannin Sakkwato, a zaurukanmu da tsakar gidajenmu. Zalunci ne, kuma masu yinsa suna zaton addini suke yi.

Kada wani ya yi gaggawar cewa ina ƙaryata mafarki. Musulmi bai isa ba. Labarin Annabi Yusuf da mafarki ya fara, da cikarsa ya ƙare. Kiran sallar da muke ji sau biyar a rana, sahabi Abdullahi ɗan Zaidu cikin barci ya fara jin kalmominsa, Manzon Allah (SAW) ya tabbatar da shi. Ya inganta a Buhari da Muslim cewa mafarki na gari kashi ɗaya ne cikin 46 na annabci. Amma a cikin waɗannan littattafan dai aka raba mafarki gida uku: bushara daga Allah, tsoratarwa daga Shaiɗan, da kuma abin da zuciya ta wuni tana saƙawa. Masu cin abinci da fassarar mafarki sun riƙe na farko, sun murɗe na biyu, na uku kuwa ko ambatonsa ba su yi, don ba ya kawo kuɗi.

Da su zan fara. Yau ba sai mace ta fita gida ba, malamin yana cikin wayarta, a TikTok ko Facebook ko wani zauren WhatsApp. Ta aika saƙon murya: “Malam, na ga maciji ya shigo ɗakina.” Kafin ta ajiye wayar amsa ta iso: maƙiyi ne, kuma na jikinki ne. Ta ga ana ba ta abinci, to an yi mata sammu. Ta ga kanta cikin ruwa ko tare da wani namiji, to aljani ya aure ta, shi ke korar manema. Na daɗe ina sauraron irin waɗannan amsoshi, kuma abin da ba ka ji a bakinsu shi ne: “Hajiya, wannan ba komai ba ne, ki yi addu'a ki manta.” Kullum akwai maƙiyi, kullum kuma akwai abin da za a kawo: farin zakara, turare, kuɗin rubutu, ragon sadaka wanda malam ne zai raba da hannunsa. Wannan kasuwancin tsoro ne. Wanda ya tsorata baiwar Allah don ya karɓe ɗan abin da ta tara, ya ci haram, komai yawan ayoyin da ya karanto kafin ya karɓa.

Waye ma ya ba su izini? Ibn Abdil Barri ya kawo cewa an tambayi Imamu Malik, limamin mazhabar da muke bi a ƙasar nan, ko kowa na iya fassara mafarki, sai ya nuna wannan wasa ne da annabci. Sayyidina Abubakar da kansa ya taɓa fassara wani mafarki a gaban Manzon Allah (SAW), aka ce masa ya dace a wani ɓangare, ya kuskure a wani. Siddiƙu ke nan. Shi kuwa malamin waya bai taɓa cewa “ban sani ba”.

Hujjarsu ɗaya ce, littafin nan da ake jibgewa a kasuwa da ƙofar masallatai da sunan Ibn Sirin. Muhammadu ɗan Sirin babban tabi'i ne, ya rasu a Basra shekara ta 110 bayan Hijira, ya kuma shahara da sanin ta'abiri. Sai dai masu bincike sun daɗe da nuna cewa ba shi ya wallafa wannan littafi ba. An haɗa shi ɗaruruwan shekaru bayan rasuwarsa, har akwai labaran mutanen da ba a haifa ba sai bayan shi. Ko da ma nasa ne, abin da aka ruwaito na aikinsa ya rushe yadda ake amfani da littafin. An ce mutum biyu sun zo masa, kowanne ya ga kansa yana kiran salla. Ya ce wa ɗaya zai yi aikin Hajji, ya ce wa ɗayan za a kama shi da sata, saboda ya dubi halin kowannensu. Ke nan mafarki ɗaya na iya zama abu biyu a kan mutum biyu. To yaya wanda bai taɓa ganin fuskarki ba, bai san ko da zazzaɓi kika kwana ba, bai san kin wuni kina faɗa da mijinki ba, zai buɗe shafin “maciji” ya karanto miki makomarki?

Amma laifin bai tsaya kansu ba. Mu ne masu saye, kuma sau da yawa mun riga mun san amsar da muke so. Matar da ke ƙullace da kishiyarta, ita za ta gani a barci. Ɗan kasuwar da ke zargin abokin cinikinsa tun da rana, shi zai biyo shi da dare. Sai a kai wa malam don ya buga hatimi a kan zargin da aka daɗe ana renonsa, a fito ana cewa “an nuna mini”. Babu wanda ya nuna maka komai. Zuciyarka ce ta maimaita maka abin da ka cusa mata.

Akwai wata dattijuwa da na sani, mai sayar da daddawa da kuka, mijinta ya rasu, ba ta da ɗa namiji da zai tsaya mata. Yaron maƙwabta ya kwanta da zazzaɓi mai zafi, cikin dare ya farka a firgice yana kiran sunanta, ya ce ya ga tana binsa. Kafin hantsi magana ta gama layi: ta kama kurwarsa. Aka taru a ƙofarta, aka ce sai ta zo ta tsallake shi. Matar da yaran nan ke kira Inna, wadda ta yi wa wasu iyayensu wankan jego, ta tsaya tana rantsuwa tana kuka a gaban samarin da ta girme wa iyayensu. Daga baya wani kawun yaron ya matsa aka kai shi asibiti, aka gwada jini, aka ga zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba shi magani ya warke. Ita kuwa ba ta warke ba. Ciniki ya tsaya, yara suka riƙa gudu idan sun hango ta, kuma cikin duk waɗanda suka taru a ƙofarta ban ji wanda ya koma ya ce “Inna, ki yafe mana” ba. Kullum haka abin yake faɗawa kan tsohuwa, ko bazawara, ko baƙo, ko talaka. Ban taɓa jin an taru a ƙofar mai kuɗi an ce ya fito ya tsallake kowa ba.

Ku dubi haɗarin da aka jefa yaron ma. Yaro mai zafin jiki da sambatu, ko sanƙarewar wuya, ko farfaɗiya, yana iya yiwuwa awoyi ne tsakaninsa da mutuwa. Zazzaɓin da ya hau kai haka yake yi, sanƙarau ma haka, kuma ba mu manta da annobar sanƙarau ta 2017 da ta ratsa Zamfara da Sakkwato da maƙwabtansu ba. Duk awar da aka ɓata ana neman mayya, daga ran yaron aka cire ta.

Shari'ar da muke alfahari da ita ba ta san wannan shaida ba. Mai da'awa shi ke kawo hujja, a kawo shaidu adalai, masu hankali, waɗanda suka gani ido biyu. Mai barci kuwa an ɗauke masa alƙalami har sai ya farka, ko laifin kansa ba a rubuta masa, balle a kama wani da abin da ya gani. Duk shekara daga garin nan Mai Alfarma Sarkin Musulmi ke sanar da ganin watan Ramadan, kuma ba a sanarwa sai an tantance waɗanda suka ce sun gani. Imamu Nawawi ya yi bayani cewa ko da mutum ya ga Manzon Allah (SAW) a barci yana gaya masa gobe azumi, ba a ɗaukar azumi da wannan. Imamu Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus, shi ma ya tsaya kan cewa ba a gina hukunci a kan mafarki. Idan ba a tsayar da wata da mafarki, da wane dalili za a zubar da mutuncin musulma da shi?

Haka aka lalata istihara. Abin da Jabir ya ruwaito, Buhari ya kawo, raka'a biyu ce da addu'a, mai buƙata ya yi da kansa, sannan ya nufi abin da ya sa gaba. Babu barci a ciki, babu ganin fari ko baƙi. Mu kuwa sai a biya wani ya kwana a madadinmu, da safe ya ce ya ga duhu, a mayar da kayan yarinya, a bar ta da tambayar da babu mai amsa mata. An bar binciken halin yaro da sana'arsa, an bar gwajin jini, an rataya rayuwar mutum biyu a kan barcin wani.

Abin ya fi ciwo da yake a Sakkwato ake yinsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, ya ba da labarin ru'uyar da ya gani a 1794, yana ɗan shekara 40, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya. Babu mai mafarki a garin nan da ya ga abin da ya kai wannan. Me Shehu ya yi da gari ya waye? Ya ci gaba da karantarwa da wa'azi da rubutu a Degel har shekara goma. Bai yi hijira zuwa Gudu ba sai a Fabrairun 1804, bayan sarakunan Gobir, Nafata sannan Yunfa, sun takura wa jama'arsa, bayan an kai wa mutanen almajirinsa Abdussalami hari a Gimbana, abubuwan da kowa ya gani da rana tsaka. Da ya zo kafa hujja a Bayanu Wujubil Hijra, aya ya jera da hadisi da maganganun malamai. A Nurul Albabi kuma ya yi kaca-kaca da masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa da duban taurari. Ɗansa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna ya rubuta littattafan magani, har da na ciwon ido da na basur. Wannan ne gadonmu. Muna zuwa Hubbaren Shehu ziyara, mu dawo gida mu yi abin da mai Hubbaren ya ƙare rayuwarsa yana hanawa.

Shi kansa Annabi Yusuf, da ya fassara mafarkin shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu, bai nuna kowa da yatsa ba. Cewa ya yi a yi noma shekara bakwai, a bar hatsi cikin zangarniyarsa, a ci kaɗan a adana saura. Fassarar annabi a rumbu ta ƙare, tamu kuwa a gaba da zargi.

Gaskiya ne mafarki na da alaƙa da rayuwar farke, sai dai sau da yawa abin da ya wuce yake nunawa, da halin da jiki da zuciya ke ciki. Tun 1953 masu bincike a Jami'ar Chicago ta Amurka suka gano matakin barcin da idanu ke motsi da sauri, wanda a cikinsa aka fi yin mafarki. A wannan mataki ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake gani. Idan hankali ya riga jiki farkawa, shi ne dannau: kana ji, kana gani, ka kasa motsi, na ɗan lokaci kaɗan. Ƙarancin barci da damuwa da kwanciya rigingine na jawo shi. Zazzaɓi na kawo munanan mafarkai, wasu magunguna na kawowa, tiramadol da kodin da ke cinye samarinmu na kawowa. Ga kuma 'yan'uwanmu da 'yan bindiga suka koro daga Isa da Sabon Birni da Rabah, suna zaune cikinmu. Matar da aka harbe mijinta a gabanta, take farkawa da ihu kowane dare, ba aljani ne ya shige ta ba. Abin da ta gani ne bai sake ta ba, kuma ciwo ne mai magani. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Wanda ya karɓi kuɗin irin wannan mata da sunan fassara, ban san abin da zai gaya wa Allah ba.

Abin da aka koya mana game da mummunan mafarki gajere ne, kuma kyauta ne. Ka yi tofi sau uku ta hagu, ka nemi tsarin Allah, ka juya kwanciya, in ka so ka tashi ka yi salla, kada ka gaya wa kowa. Wani mutum ya gaya wa Manzon Allah (SAW) ya ga an sare masa kai, aka hana shi yaɗa wasan da Shaiɗan ya yi da shi. Mai kyau kuwa ka gode wa Allah, ka faɗa wa masoyi kawai.

Ina kira ga limaman masallatanmu na Gidan Dare da malaman islamiyya, musamman masu karantar da mata, su ɗauki wannan magana a huɗuba da darasi, su faɗe ta da Hausa ƙarara. Masu unguwanni su hana taruwa a ƙofar kowa da sunan kamun maye. Kai kuma mai karatu, idan ka san ka taɓa ɓata sunan wani saboda abin da ka gani a barci, ko ka tsaya cikin taron da aka ɓata shi, ka tashi ka je gidansa ka nemi gafara, a gaban mutanen da ka kunyata shi a gabansu.