Har Yanzu Bayajida Muke Jira?

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, duk shekara idan alhazanmu suka sauka daga ƙasa mai tsarki, akwai wata hira da ba ta sakewa a zaurukan Daura da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure da Sandamu. Da zarar an yi barka da sauka, an sha zamzam an ci dabino, sai a shiga labarin abin da ido ya gano. Wannan ya ce shi bai ga wutar lantarki ta ƙifta ba ko sau ɗaya. Wancan ya ce famfo ba ya ƙafewa a ƙasar da ba ta da kogi ko guda mai gudana duk shekara. Wani ya ba da labarin jirgin ƙasan Haramaini da aka buɗe a 2018, wanda ke cin kilomita 450 tsakanin Makka da Madina kafin mutum ya gaji da zama. Ɗan kasuwar da ya je sayayya Dubai kuma ya kawo zancen benen nan mai tsawon mita 828. Daga nan sai a yi ajiyar zuciya, a ce, “Ina ma a ƙasarmu ne!” Sai wani dattijo ya rufe da cewa, “Ai ƙasar nan sai addu'a.” A shafa, kowa ya nufi gida, sai kuma baɗi.

Lalle ba mu ga laifin wanda ya ga alheri a wata ƙasa ya so wa tasa ba. Tarihin Musulunci ma ya nuna cewa ɗauko abu mai amfani daga wasu mutane ba aibi ba ne. A shekara ta 5 bayan Hijira, lokacin da rundunonin ƙabilu suka yi wa Madina taron dangi, Salmanul Farisi (R.A.) ne ya kawo shawarar haƙa gwalalo, dabarar yaƙi ta mutanen Farisa wadda Larabawa ba su saba da ita ba. Haka kuma Sayyidina Umar (R.A.) ya kafa diwani domin ƙididdigar mayaƙa da rabon dukiyar Baitulmali, tsarin da daulolin maƙwabta suka riga shi aiki da irinsa. Amma mu lura da abu guda. Abin da Salmanu ya kawo shawara ce kawai. Haƙar kuwa sahabbai ne suka yi ta da hannayensu, cikin sanyi da yunwa, Manzon Allah (S.A.W.) da kansa yana ɗaukar ƙasa tare da su. To, a nan ne muka rabu da su. Mu gwalalon muke so mu wayi gari mu tarar an haƙa mana.

Wannan ciwo muna da sunan da ya dace da shi a nan Daura. Babu yaron da bai san labarin rijiyar Kusugu ba: macijin da ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da baƙon da aka ce ya taso daga Bagadaza, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya tafi cikin dare ya sare kan macijin, ya kuma auri sarauniya. Masana tarihi sun yi saɓani kan gwargwadon gaskiyar labarin, mu kuma ba wannan ne ya dame mu a yau ba. Abin tambaya shi ne: gari guda, da mazajensa da maƙeransa, yaya aka yi suka haƙura da ƙishirwar kwana shida a kowane mako, har sai da baƙo ya zo da wuƙarsa? Muna ba 'ya'yanmu labarin nan muna alfahari, alhali kuwa a cikinsa akwai abin da ya kamata ya sa mu sunkuyar da kai. Har yau ɗin nan, da yawanmu zaune muke a bakin rijiya muna jiran Bayajida.

Kada wani ya ce ai ba a taɓa kawo mana komai ba. Daga 2015 zuwa 2023 ɗan garin nan ne, marigayi Muhammadu Buhari, ke shugabancin Nijeriya. A 2019 aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Daura, aka buɗe asibitin sojojin sama, a watan Disamba na shekarar kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ginawa. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin dogo mai tsawon kimanin kilomita 284 daga Kano, ya ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilar kusan dala biliyan 2. Ba mu raina ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma hirar zaure ta sake? Ba ta sake ba. Shi kansa shugaban, Allah Ya jiƙansa, a wani asibitin Landan ya cika a ranar 13 ga Yulin 2025, aka kawo shi Daura aka yi masa sutura. Idan wanda ya yi shekara takwas a kan kujera mafi girma a ƙasar nan sai da ya ƙetare teku neman magani, to lalle matsalar ta wuce a ce namu bai samu mulki ba.

Kuma mu tuna cewa jirgin ƙasa ba baƙonmu ba ne. Tun 1911 ya iso Kano, ya yi shekaru yana kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin teku, sannan muka zuba ido ya lalace a hannunmu, tasoshi suka zama makwancin awaki. Abin da wani ya gina maka da kuɗin bashi, idan ba ka da amanar riƙonsa, to ranar da ya tattara kayan aikinsa ya tafi, ranar ce ya fara mutuwa. Abin aro ba ya ado, in ji Hausawa.

Saboda haka, in dai kwaɗayin na ƙetare za mu yi, to mu yi kwaɗayin abin da hannunmu zai kai gare shi. Ga misalai uku.

Na farko ba ya bukatar fasfo na jirgin sama. Mutum ya bi ta Kwangwalam zuwa Matamaye, ko ta Babban Mutum zuwa Magarya, ya dubi gonakin 'yan'uwanmu na Nijar, waɗanda harshenmu ɗaya, addininmu ɗaya, iyakar Turawan Ingila da Faransa ce kawai ta raba mu. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun koma wa abin da suke kira sassabin zamani. Maimakon a sassabe gona ƙarƙaf a banka mata wuta, sai manomi ya bar tohon da ke fitowa daga kututturen da ke cikin ƙasa, ya zaɓi masu ƙarfi ya rage sauran, ya tsare su har su zama itace. Wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta yaɗa dabarar a yankin Maraɗi tun 1983, kuma abin lura shi ne dasa itatuwan da ya fara gwadawa bai yi nasara ba, sai da ya koma wa saiwoyin da ke ƙarƙashin ƙafafun manoma tun asali. Masu binciken da suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da sababbi sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200. A yankin Matamaye da Magarya da Mirya, gawo ne ya fi yawa, itacen da kowane manomi ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da rani. Mu kuwa a nan, hamada na ƙwanƙwasa mana ƙofa, muna sare na gonakinmu muna yin gawayi. Ko sau ɗaya mun taɓa jin wani a zaure ya ce, “Ina ma gonakinmu kamar na Magarya”? Ba mu ji ba, domin mun raina Nijar, idonmu na kan mai bene.

Na biyu daga Malesiya ne. A da, talakan ƙauye a can yakan ɓoye kuɗin Hajjinsa a cikin matashin kai don gudun riba, ko ya sayar da gonar gado da dabbobinsa ya tafi, ya dawo ba shi da ko sisi. A 1959 wani masanin tattalin arziki mai suna Ungku Aziz ya kawo shawarar kafa asusun adashin Hajji wanda za a juya kuɗinsa ta hanyar halal. A 1963 aka fara da mutum 1,281. Asusun, wanda aka sani da Tabung Haji, ya girma har masu ajiya a cikinsa suka haura miliyan 9. Ba mu ce mala'iku ne ke tafiyar da shi ba, domin a 2018 an bankaɗo babban giɓi a lissafinsa, har sai da gwamnati ta shiga ta yi gyara, wanda hakan ma darasi ne cewa kowane tsari rayuwarsa amana ce. A Nijeriya sai a 2020 Hukumar Alhazai ta Ƙasa ta ƙaddamar da irin wannan adashi tare da bankin Jaiz, shekara 57 bayan Malesiya. A 2025 kujerar Hajji ta haura naira miliyan 8. Mutum nawa ne a masarautar nan suka sayar da gonar da 'ya'yansu za su ci, alhali Allah bai wajabta Hajji a kan wanda ba shi da iko ba? Kuma malamai nawa ne a cikinmu suka hau mumbari suka yi wa jama'a bayanin tara kuɗin sannu a hankali?

Na uku shi ne waƙafi, kuma wannan ma namu ne muka yar, wasu suka riƙe. Sayyidina Usman (R.A.) ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa Musulmi su sha kyauta. Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta kashe dukiya mai ɗimbin yawa ta jawo ruwa zuwa Makka da Arfa, alhazai suka yi ɗaruruwan shekaru suna sha. Jami'ar Azhar da ɗalibanmu ke rububin zuwa, wadda ta haura shekara dubu, dukiyar waƙafi ce ta daɗe tana ɗauke da malamanta da almajiranta. Ma'anar waƙafi ita ce a tsare asalin dukiya, gona ce ko shago ko gida, ba a sayarwa ba a gadonta, amfanin da take bayarwa kuma ya riƙa tafiya ga wani aikin alheri. Mun san wani masallaci a cikin garin nan da wani bawan Allah ya haƙa wa rijiyar burtsatse. Injin ya lalace, aka yi wata bakwai ana jiran mai kyautar ya dawo daga Abuja ya gyara, alhali masu salla a sahun farko kaɗai sun isa su biya kuɗin gyaran a Juma'a guda. Da an haɗa rijiyar da shago biyu na waƙafi tun farko, da kuɗin hayarsu ya riƙe ta.

A nan wajibi ne mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu masu da'awar gyara. Mun ƙware wajen gasar gina masallaci a gaban masallaci, kowane ɓangare da nasa lasifika, a unguwar da mata da yara ke sammako da jarkoki suna bin 'yan garuwa. Attajirinmu yana zuwa Umara kowane azumi, ya dawo ya cika mu da labarin tsaftar titunan Madina, alhali kwatar ƙofar gidansa ta toshe shekara uku. Samar da ruwan sha da magani da ilmi ga al'umma farilla ce ta kifaya, wadda idan aka rasa mai yi kowa ya shiga laifi, kuma ɗalibin fiƙihu na ajin farko ya san matsayin nafila a gaban farilla.

Wani zai ce, ai wannan duk aikin gwamnati ne. Haƙiƙa akwai nauyi babba a wuyan masu mulki, kuma ba za mu daina tambayarsu ba: ina wuta, ina ruwa, ina maganin asibiti? Za su tsaya gaban Allah a kan kowace naira. Amma wanda ya karɓi atamfa da taliya ranar zaɓe ya riga ya sayar da bakin tambayarsa. Kuma barin tohon gawo a gonarka ba ya jiran kasafin kuɗin kowa. Wani kuma zai ce sai addu'a. Na'am, addu'a makamin mumini ce, amma sahabban da suka fi mu addu'a sun haɗa ta da haƙa. Tawakkalin da babu riƙon sababi a cikinsa lalaci ne aka naɗa wa rawani.

Don haka muna kira ga kowane reshe namu a ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura da ya yi abu uku kafin alhazan baɗi su sauka. A tura manoma daga cikin 'yan'uwa su ƙetare zuwa Matamaye ko Magarya su ga sassabin zamani da idonsu, su dawo su gwada a gonakinsu. Kowane masallacin Juma'a ya kafa kwamitin waƙafi na amintattu, a rubuta dukiyar a gaban shaidu, a riƙa karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a. Limamai kuma su keɓe huɗuba a kan sharaɗin iko a Hajji da hanyoyin adashi na halal. Muna kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, da hakimai da dagatai, su sa baki a tabbatar wa manomi cewa itacen da ya raina a gonarsa ba wanda zai shigo ya sare masa.

Idan muka yi haka, baɗi in an zauna hirar zaure aka ce “ina ma”, za a samu wanda zai miƙe ya ce, “Ku zo ku ga abin da muka fara.” Allah Ya ba mu ikon gani da gyarawa, Ya sa mu dace duniya da lahira, amin.