Ɗaure da Kwance: Sunan da Ya Dace da Umarni Biyu na Manhajar Zane

Duk wanda ya taɓa tsara fuskar manhaja a Figma, ko ya shirya allon talla a Illustrator ko PowerPoint, ya san wasu umarni biyu da ba a rabuwa da su. Mai zane yakan zaɓi abubuwa da dama, misali akwatin maɓalli da rubutun da ke kansa da 'yar alamar da ke gefe, ya danna Ctrl da G, sai su riƙa tafiya tare: in ya ja ɗaya, sauran su biyo. Idan ya danna Ctrl da Shift da G, kowanne ya koma zaman kansa. Ra'ayina shi ne Hausa ta kira na farko "ɗaure", na biyu "kwance", mu guji "haɗa" da "raba" da ke saurin zuwa bakin mai fassara.

Buƙatar wannan suna ta fi bayyana ga Bahaushen da ya koyi kwamfuta a Hartum ko Umdurman. Hausawa sun daɗe a Sudan ta hanyar aikin hajji, kuma sun ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, lokacin da Muhammadu Bello Mai Wurno ya yi hijira ya zauna a gaɓar Shuɗin Nilu. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya nuna a littafinsa na 1999 yadda Hausarsu ke ɗaukar kalmomin Larabci. Haka ma ɗalibanmu da suka yi karatu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa, kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa su. Wanda ya buɗe PowerPoint da Larabci zai ga "tajmi'i" da "fakkut tajmi'i", takwaransa na Kano kuwa Turanci yake gani. Idan suka zauna aiki ɗaya, dukansu Hausawa, sai ka tarar ba su da kalmar Hausa da suka yi tarayya a kanta. Abin lura kuma, "fakku" a Larabci kwancewa yake nufi, wato Larabawa ma sun fahimci aikin a matsayin ɗauri.

To, me ya hana "haɗa"? Faɗin ma'anarta ne. Ana haɗa miya, ana haɗa siminti da yashi, kuma babu mai iya dawo da su yadda suke. Manhajojin zane suna da wani umarni dabam mai irin wannan aiki, wanda ke narkar da siffofi su zama siffa guda. A Photoshop, Ctrl da E ne. Wannan shi ya cancanci "haɗe", domin ɗalibin nahawu ya san aikatau na aji huɗu, a tsarin da Parsons ya fitar a 1960, kan nuna aikin da aka yi gaba ɗaya ba saura. Idan muka ba umarni biyu suna kusan ɗaya, mai koyo zai narkar da abin da ya so ya tattara kawai, ya wayi gari ba ya iya gyara ko harafi guda a rubutunsa.

Hartum kanta ta isa misali. A Mukran, Farin Nilu da Shuɗin Nilu suna gamuwa, su ɗan yi tafiya kowane da launinsa, daga bisani su zama ruwa ɗaya da ba mai iya tantancewa. Wannan haɗewa ce. Amma Hartum da Umdurman da Bahri, gadoji ne suka riƙe su a matsayin babban birni guda, kowane da sunansa da kasuwarsa. Wannan ɗauri ne.

Bahaushe ya ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Kowane tsinke yana nan da siffarsa, igiya ce kaɗai ta tara su. Haka umarnin yake aiki: launi da rubutun kowane abu ba sa canzawa, kuma kana iya shiga cikin ɗaurin ka gyara guda ba tare da ka kwance ba. Kana iya ɗaure ƙananan ɗauri cikin babba, kamar dammunan gero a kan amalanke, kuma kwancewa ɗaya igiyar waje kawai take cirewa. Ita kuwa "raba" tana kawo tunanin yanka abu guda kashi-kashi, kamar rabon gado ko nama, alhali a nan ba abin da aka yanka.

Akwai suka mai ƙarfi a kan wannan zaɓi. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, don haka ana iya karanta "kwance" da ma'anar wanda ke kan gado, "ɗaure" kuma ta tuna wa mutum gidan yari. Gaskiya ne. Sai dai a jerin umarni kalmomin biyu suna zaune kusa da juna, kowace tana fassara 'yar'uwarta, kuma babu Bahaushen da zai ga ɗaure a saman kwance ya rasa gane igiya ake nufi.

Saboda haka, ɗalibi, idan aka ba ka fassarar manhaja, kada ka fara da ƙamus. Buɗe manhajar, danna maɓallin, ka ga abin da ya faru da abin da bai faru ba, sannan ka nemo aikin hannu da Bahaushe ke yi mai kama da shi. A nan za ka sami kalmar da mai zane a Umdurman da na Zariya za su gane ba tare da tafinta ba.