ZANEN DA BA YA SURUTU

A birnin Houston na Jihar Texas, can ƙasar Amurka, akwai wani ɗaki mai kusurwa takwas da aka buɗe a shekarar 1971, ana kiransa Rothko Chapel. A jikin bangonsa an rataye manyan zane-zane 14 na Mark Rothko, dukansu launi ne mai duhu, wasu baƙi, wasu shunayya. Babu siffar mutum a ciki, babu dabba, babu itace. Amma duk da haka mabiya addinai dabam-dabam su kan shiga su zauna a kan benci, su yi tsit, su daɗe ba su fito ba.

Mutane da yawa, har da masu ilmi, suna ganin irin wannan zane damfara ce kawai. Su kan ce ko yaron firamare aka ba fenti da burushi zai iya. Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa, kuma tarihin Agnes Martin ya isa shaida.

An haifi wannan baiwar Allah a ƙasar Kanada a 1912. Ta yi suna a birnin New York da zane a kan ƙyalle mai ƙafa shida tsawo, ƙafa shida faɗi, wanda ta kan shafe da fenti tsararo, sa'an nan ta ja layuka da fensir a tsaye da kwance, kamar saƙar raga. A 1967, daidai lokacin da kasuwarta ta fara buɗewa, sai ta bar birnin, ta koma karkarar New Mexico, ta gina ɗakin ƙasa da hannunta, ta yi wajen shekara bakwai ba ta koma ga fenti ba. Ta karanta koyarwar Zen da ta Tao, kuma ta kan lalata duk zanen da bai gamshe ta ba. Haka ta ci gaba da aiki har ta rasu a garin Taos a 2004. Ɗan damfara ba ya gudun kasuwa.

To, mene ne mai kallo ya ke samu? Daga nesa zanenta kamar hazo ne. In an matso, sai a ga layin fensir yana ɗan rawa, alamar hannun ɗan Adam. Ido ya nemi labari ya rasa, ya nemi fuska ya rasa. In mutum ya daure bai tafi ba, sai hankalinsa ya bar kai-da-kawowa, ya dawo gare shi. Watau zanen ba ya gaya wa kowa kome, wurin natsuwa kawai ya ke shimfiɗawa.

Matsalar ita ce haƙuri. Wani bincike da aka buga a 2001 ya nuna cewa masu ziyartar gidan adana zane na Metropolitan a New York su kan yi kimanin daƙiƙa 27 ne kawai, a matsakaici, a gaban zane. Yau kuwa galibi a fuskar waya a ke gani, inda ƙafa shida ta kan koma tafin hannu, layukan fensir su ɓace. Wanda ya yanke hukunci daga nan bai ga zanen ba tukuna.

Lalle ne masu suka suna da tasu hujja. A 2023 an sayar da wani zanen Martin a wurin gwanjo fiye da dala miliyan 18, kuma natsuwar da sai attajiri ke iya ratayawa a falonsa abar tambaya ce. Haka kuma ba mai cewa zane zai maye gurbin ibada. Amma tsadar kasuwa laifin 'yan kasuwa ne, ba na fensir ba, kuma ɗakin Houston kyauta a ke shiga.

Ɗalibi da ma'aikaci duk da hankalinsu su ke cin abinci, alhali kuwa surutu ya kewaye su dare da rana. Fasahar da ke koya wa mutum ya zauna minti goma bai nemi wani sabon abu ba, ta cancanci a dube ta da kyau kafin a yi mata dariya. Mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.